Tasha sama da 150 a motata, ko ɗaya ba ta jin Hausa

Da na canja mota, an ba ni wata uku in ɗanɗana rediyon tauraron ɗan'adam kyauta, kamar yadda aka saba yi wa mai sabuwar mota a nan Amurka. Asabar ɗin da ta wuce, ganin wa'adin ya kusa cika, na biya wani shagon kayan sauti a nan Columbus don in ji shawara: in fara biyan kuɗin wata, ko in zuba kuɗin a lasifika masu kyau in huta. Yaron shagon, wani Bature mai fara'a, ya juyo min da kwamfuta yana jero min tashoshi. Ya ce duk abin da kunne ke so a duniya yana ciki. Na ce to, akwai Hausa? Ya ɗan yi jim, sannan ya tambaye ni wane irin kiɗa ne wannan.

Na san ba da raini ya faɗa ba. Amma har na iso gida maganar tana ci na.

Bari in yi wa na gida bayanin abin. A saman rufin mota akwai wani ɗan ƙaho baƙi, shi ke kama sauti kai tsaye daga sama. Kowace rediyo da lambarta, in ka biya a buɗe maka, in ka daina a rufe, tamkar dikodar DStv. Da kamfani biyu ne, XM da ya fara a 2001 da Sirius da ya biyo baya a 2002. Suka yi ta kokawa da juna har asara ta ishe su, sai suka haɗe a 2008 suka zama SiriusXM. Yanzu shi kaɗai ne a kasuwar, in ka yi fushi da shi babu maƙwabcin da za ka koma wa. A ciki akwai tashar da ba ta sa komai sai waƙoƙin shekarun 1970, wata na 1980, wata na kiɗan ƙauyen Turawa, wata ta coci, wata ta masu barkwanci, ga ƙwallon kwando, ga ƙwallon nan tasu da ake runguma a gudu. Har direbobin tirela an ware musu tasu. BBC ma tana nan, amma ta Turanci.

Ba zan ci haƙƙinsu ba, abin yana aiki. Na tuƙa daga nan zuwa Denver a babbar hanyar I-70, tafiyar kusan kilomita 2,000. A Kansas sai ka yi awa guda ba ka ga komai ba sai gona da sararin sama, tashoshin FM suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa wannan ko tari ba ta yi ba. Sai dai in ka tsaya ƙarƙashin gada ko ka shiga rami, nan take ta ɗauke ɗif, babu ko shuuu ɗin ban kwana. Wanda ya taɓa baro Kano yana jin FM tana shaƙewa tun kafin ya ga Zariya ya san darajar wannan.

Kuɗin ne matsala. Cikakken tsarin ya haura dala 20 a wata, ga haraji a kai. Akwai masu sauƙi, amma an zare musu wasu tashoshin. Abin dariya, mutanen nan da ba sa ciniki a kan tumatir, a nan suna yi. Abokan aikina sun ce in ka kira ka ce ka fasa, sai a fara lallashinka da ragi, har kuɗin ya faɗo ƙasa sosai na wasu watanni. Wato "albarka" da "sallama" ne, ta waya. In ba ka son wannan, sai ka haɗa wayarka da mota ta Android Auto ko CarPlay ka ji abin da ka ga dama da datarka, ko ka cire rediyon kamfani ka sa Pioneer ko Kenwood. Wasu motocin lantarki ma, irin su Tesla, sun cire rediyon AM, wato matsakaicin zango, gaba ɗaya, har 'yan majalisa suka kawo ƙudurin tilasta a bar ta a 2023.

Ni dai ba zan biya ba. A inda na taso, rediyo sau ɗaya ake sayenta, daga nan sai batir. An ma gwada mana irin wannan sana'ar. Wani ɗan asalin Habasha, Noah Samara, ya kafa WorldSpace, aka harba tauraronsa na Afirka a 1998, tun kafin na Amurka su fara. A 2008, shekarar da na Amurka suka haɗe, kamfaninsa ya durƙushe. Wasu za su ce talaucinmu ne ya kashe shi. Ni ina ganin mun riga mun ƙoshi ne. Wa zai sayar wa mai rijiya ruwa? BBC na magana da Hausa tun 1957, Jamus tun 1963, Muryar Amurka ta shigo a 1979, Faransa a 2007, ga Rediyon Kaduna uwa ma ba da mama. Da 'yar Kchibo a kafaɗa, makiyayi a dajin Agadas da mai kanti a zangon Kumasi labari ɗaya suke ji a lokaci ɗaya, ba wanda ya tambaye su lambar kati. Direban A Daidaita Sahu kuwa ya kai memori ɗinsa Farm Centre a cika masa da wa'azi da waƙa, ya ɗaura lasifikar da ta kusa fin injin ƙarfi, unguwa guda ta sha kyauta ko tana so ko ba ta so.

Na sani, za a ce ai ina biyan kuɗin kallon fim duk wata ban yi ƙorafi ba. Gaskiya ne. Za a ce gajeren zango na shaƙewa, sai an yi ta murɗa eriya. Shi ma gaskiya ne. To amma wa ke murɗa eriyar? Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, a kan tabarma a ƙofar gida bayan Isha'i, dattawa huɗu ko biyar sun kewaye shi, mu yara an ce mu yi shiru. In muryar ta nutse, kowa ya sunkuyo da kai kamar zai tsamo ta. In an gama labarai a kashe don tattalin batir, sannan a buɗe ainihin shirin, wato gardama, har mai shayi ya kwashe kofunansa.

A nan, da yamma, in cunkoso ya tsayar da mu a hanyar da ta zagaye gari, nakan duba dama da hagu. Kowa ya ɗage gilashi. Wani na dariya shi kaɗai, wata na kaɗa kai, ba wanda ya san abin da na kusa da shi ke ji. Sauti tas kamar ruwan gora, amma in labari ya ba ka mamaki babu wanda za ka ce wa "ka ji fa!"

Jiya ƙarfe uku da rabi na rana a nan, takwas da rabi na dare a gida, na kira yayana ta WhatsApp ina cikin mota. Na ce, "Yaya, don Allah ajiye wayar kusa da rediyon Baba." Ya ce ba a intanet nake iya ji ba, tsaf, babu ƙara? Na ce ina iyawa, ya dai ajiye. Muryar ta fito ta lasifikar motata tana shaƙewa, ina jin janareton maƙwabta da kukan akuya a bayanta, wani kuma yana cewa a ƙaro murya. Minti goma muka yi, sai Yaya ya ɗauki wayar ya ce datarsa ta kusa ƙarewa, in turo masa kati.