Mun bar wa baƙi fatar Marwa, baƙi kuma sun daina zuwa

Jiya bayan la'asar na kai takalmina gyara wajen wani dattijon baduku da ke kusa da kasuwar sana'o'in hannu ta Marwa, a arewacin Kamaru. Shi ya ɗinka mini shi shekara shida da suka wuce, sai yanzu maɗauri ɗaya ya saki. Ya jujjuya shi, ya shafa gefen da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, saman fatar akuya ce, ƙasan kirgi. Wannan bai gaji ba tukuna." Ya ɗauko basilla, ya goga wa zare kaki, kafin shayina ya huce ya gama. Na ce, "Baba, ina yaran da nake gani a nan?" Ya nuna mini tabarmar da suke zama, a naɗe take a jikin bango. Biyu sun koma haya da babur, ɗaya yana sayar da katin waya.

Abin ya tsaya mini a rai har dare, shi ya sa nake wannan rubutu.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san lokacin da motocin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa a bakin kasuwar, a hanyarsu ta zuwa gandun namun daji na Waza ko duwatsun Rumsiki. Su sayi jaka, alabe, tumtum, takalma, su biya ba dogon ciniki. A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza, daga nan ƙafa ta ɗauke. Kowa yana cewa rashin tsaro ne ya karya dukanci, kuma gaskiya ne. Amma ni ina ganin mu muka fara sakin hannu. Mun bar sana'ar ta rataya a wuyan baƙo, alhali kakanninmu da ita suka rayu: gafakar Alƙur'ani, kuben wuƙa, buzun salla, kayan doki na ranar hawa.

Wanda bai taɓa shiga majema ba ba zai san abin da yake tayawa ba. Fata sai ta kwana a ruwan toka gashi ya saki, a kankare ta, a jiƙa ta da kashin tattabara ta yi laushi, sannan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana murzawa kwana da kwanaki. Bayan nan a shafe ta da mai, a rina ta ja da karan dafi. Wari kuwa, sai mai ƙarfin zuciya. Ka dubi hannun majemi, har cikin farce ya rine. Duk wannan kafin baduku ya sa wuƙa. Ga fatar saniya ta yi tsada, domin masu ganda suna wawashe ta tun daga mahauta.

To amma mutum ya shiga kanti, a ce masa takalmin roba na Caina sefa dubu biyar, ya zaro ya biya ko tari babu, damina ɗaya ta raba shi da ƙasansa. Ya zo gaban dattijo sa'an mahaifinsa kuwa, sai ya taya rabin kuɗi, har da cewa "ai na gida ne". Wallahi wannan kalma tana ƙona mini rai. Na gida ne, shi ya sa kuɗin zai shiga tukunyar maƙwabcinka, ya kai ga majemi, ya kai ga matar da ta tsinto bagaruwa.

Dukawa ma suna da nasu laifin, ba zan ɓoye ba. Akwai masu liƙa gam inda ya kamata a yi ɗinki, akwai masu aiki da fatar da ba ta jemu ba, ka ajiye jaka a ɗaki wari ya kore ka. Ga saɓa alkawari, a ce maka jibi ya zama wata guda. Baƙo mai wucewa ba ya dawowa ya yi ƙorafi, mu kuwa muna nan, kuma mai saye da ke dawowa shi ke sa mai sana'a ya gyara hannunsa.

Kafin in tashi na ba Baba aikin gafaka, saboda ɗana na dab da sauka. Ya tambaye ni girman Alƙur'anin, ya auna da tafin hannu a kan jar fata, ya faɗi kuɗinsa, ban rage masa ko dala ba. Ya ce in dawo Litinin ta sama, ranar kasuwa. Na roƙe shi in zo da yaron ya zauna ya ga yadda ake ɗinkin, ya ce in kawo shi da hantsi, zai shimfiɗa masa tabarmar.