Sittin ɗin da yaranmu ke zubarwa a hanya

Jiya bayan isha'i ɗan yayata ya shigo wurina nan Agege da littafinsa, fuska a murtuke. An ba su (a + b)², ya rubuta a² + b², malami ya ja masa jan biro, don amsar a² + 2ab + b² ce. Ya ce, "Kawu, ni dai aljebra ba ta shiga kaina."

Yaron nan fa shi ke tsaya wa babansa a kasuwar Mile 12 ranar Asabar. Da ka yake lissafa kuɗin kwando bakwai na tumatir, ya cire na mota da na 'yan dako, kafin mai saye ya gama laluben wayarsa. Shi ne za a ce mini ba shi da kan lissafi?

Na ce ya ajiye biron. "Sha uku sau sha uku nawa ne?" Ya ce 169. Na ce to ya raba ta goma da uku, ya bi hanyarsa ta ɗazu. Ya haɗa 100 da 9, sai ga 109. Ya yi tsuru. Ina sittin ta shiga?

Na ɗauko alli na zana murabba'i a simintin tsakar gida, na tsaga kowane gefe goma da uku. Fili ya rabu huɗu: babba mai 100, ɗan ƙarami a kusurwa mai 9, sai dogaye biyu, kowanne talatin. Na ce, "Ga 2ab ɗinka nan kwance a ƙasa." Ya daɗe a tsugune yana bin layin da yatsa.

Daga nan muka hau dalar Pascal, wato jerin lambobin da ake tsarawa kamar dala, mai ɗauke da sunan wani masanin lissafi Bafaranshe: 1 2 1, lambobin da ke gaban a², ab da b² ke nan, sai 1 3 3 1, sai 1 4 6 4 1, kowace lamba jimlar biyun da ke samanta ce. Da kansa ya fitar da 1 5 10 10 5 1. Da na nuna masa 11 sau 11 sau 11 na ba da 1331, har tafi ya yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗura wa yara ƙa'ida su haddace, cikin Turanci, ba a nuna musu daga ina ta fito ba. Ba na ɗora wa malamai laifin duka, wanda aji ya cika masa maƙil yaushe zai tsuguna da kowa? Amma mu a gida me muka yi? Yaranmu sun ɗauka ilimin nan na wasu ne. Alhali kalmar aljebra ma daga "al-jabr" take, wato ɗori, daga littafin da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda babban sashensa lissafin gado ne da wasiyya. Dalar nan kuma masanin lissafi Al-Karaji ya yi bayaninta shekaru fiye da 600 kafin Pascal.

Idan yaro bai samu kiredit a lissafi a WAEC ko NECO ba, shiga jami'a ta zama aiki. Don Allah 'yan'uwa da suka yi karatu a Agege, Idi-Araba da Obalende, mu ware awa ɗaya a mako, mu nemi aron ajin Islamiyya, mu yi wa yaran bayani da Hausa kafin a koma Turancin jarrabawa.

Yau da daddare zai zo da abokansa biyu. Ɗayan (a − b)³ ce ta tsaya masa a wuya, alamun ragi na rikita shi, don haka na sayo ƙarin alli.