Bayanin minti biyu ma ya gagare ku?

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi. Jiya na dawo da mahaifiyata daga asibiti da ɗinki huɗu a goshi. Ba mota ce ta buge ta ba, ba santsi ne ya kwashe ta ba. Maganin hawan jini ne da aka turo mata ta taga, aka ce "ɗaya-ɗaya kullum, na gaba ya matso."

Wata biyar ke nan da aka auna ta aka ga 168/100, likita ya rubuta mata lisinopril da hydrochlorothiazide. Magungunan ba su da laifi, dubban mutane na rayuwa da su lafiya lau. Laifin na wanda ya rubuta ne ko kai bai ɗago ba, da wanda ya miƙa bai ce uffan ba. Babu wanda ya gaya mata cewa magani na biyun fitsari yake sawa, don haka da safe ake shan sa. Ita kuwa sai za ta kwanta take haɗiye su. Babu wanda ya ce mata jini yana iya sauka farat ɗaya idan mutum ya zabura daga kwance, ta riƙa zama a bakin gado tukuna kafin ta miƙe. Ƙarfe uku na dare fitsari ya matse ta, ta tashi da sauri, jiri ya ɗebe ta, goshinta ya daki gefen ƙofa. Na tarar da ita a ƙasa, jini na bin hancinta, tana cewa, "Kada ka damu, ɗan nan, duhu kawai na gani."

Sai da aka gama ɗinki wani likitan ya zauna ya tambaye ta abin da take sha, a nan ne asiri ya tonu. Busasshen tarin da ya hana ta barci wata uku, muna ta ɗura mata maganin tari, ashe lisinopril ne ke kawo shi, kuma ana iya canja mata da wani kamar losartan. Ciwon gwiwa kuma diclofenac take sha kusan kullum. Shi da ibuprofen suna ɗaga jini, in suka haɗu da waɗancan biyun kuma ƙoda suke wahalarwa. Ya kamata a ɗebi jininta a duba ƙoda da sinadarin fotasiyam mako ɗaya ko biyu bayan ta fara. Wata biyar, ko sau ɗaya ba a yi ba! Ranar da ta manta kuma, washegari biyu take haɗawa, a zatonta ramuwa ake yi.

Da na yi magana, wata ma'aikaciya ta ce min, "Ai da kun karanta takardar cikin kwali." Wane kwali? A 'yar leda aka ƙirgo mata ƙwayoyin, aka ja layi da biro. Ko da akwai takardar, tsohuwar da ba ta iya zura zare a allura ce za ta karanta wannan rubutu mai kama da ƙafar kiyashi?

Abin da ya fi tayar min da hankali, a layin karɓar maganin nan har da mata masu shekarun haihuwa. Lisinopril da losartan suna cutar da ɗan da ke ciki. Wa ya tambaye su ko suna da juna biyu? Wa ya gaya wa kowa cewa in leɓe ko harshe ya kumbura, a garzaya asibiti nan take? Wa ya ce musu kada su ajiye magani don awo ya yi kyau, alhali maganin ne ya gyara awon?

Ma'aikatan asibiti, na san kuna da cunkoso, na ga layin da idona. Amma duk bayanin nan bai kai minti biyu ba, ɗinkin kuwa awa uku muka jira shi. Ranar Litinin za mu koma karɓar sakamakon gwajin ƙoda. Na zuba duk abin da take sha a jaka, na rubuta tambayoyina a takarda, kuma ba zan matsa daga bakin tagar nan ba sai an amsa min su ɗaya bayan ɗaya.