Kwandon Tuffa a Bakin Ƙofa da Tambayar da Ta Tsaya Mini a Rai

Ranar Talatar da ta wuce muna zaune a wurin aiki lokacin fika, wato ɗan hutun da mutanen Suwidin ke yi su sha kofi da burodi mai kirfa, sai hira ta faɗa kan ƙarshen bazararsu. Suna da suna na musamman ga waɗannan makonni na ƙarshen Agusta, sensommar suke cewa. Kowa na faɗin abin da ya fi so a cikinsu. Wani ya ce wankan tafki da yamma, wata ta ce ƙamshin daji bayan yayyafi. Da aka zagayo kaina na ɗan yi shiru ina tunanin ta inda zan fara, sai wata abokiyar aikina ta yi murmushi ta ce, "Ai ku ba ku da irin wannan ko? Ku shekara duk zafi ne, babu abin da ke canzawa."

Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba. Mace ce mai kirki, ita ta nuna mini yadda ake cike takardun haraji shekarata ta farko a nan. Amma maganar ta soke ni, na dawo gida da ita a ƙirji, har yau ba ta sauka ba.

Bari in ba su haƙƙinsu tukuna, don abin da suke yabawa ya cancanci yabo. A nan Uppsala, garin da nake zaune a Suwidin, ƙarshen Agusta wani abu ne da sai ka gani. Zafin rana ya yi laushi, ganye bai fara zuba ba, amma korensa ya yi duhu kamar ya gaji. Da asuba raɓa na kwanciya a kan sirdin keke har sai ka sa hannu ka share. Ɗaliban jami'a, wadda aka kafa tun 1477, sun fara dawowa da akwatunansu, bakin kogin Fyris ya cika da matasa zaune a kan ciyawa, wasu babu ko takalmi. Ma'aikata kuma sun dawo daga dogon hutu, domin dokar ƙasar ta ba kowane ma'aikaci aƙalla kwana 25 na hutu a shekara, kuma yana da damar ɗaukar mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta. Sai ka gan su fuska ta yi ja, murya ta yi sanyi, kamar an wanke su.

Sannan ga daji. Wannan kam ya burge ni tun zuwana, kuma har gobe yana burge ni. Suna da wata ƙa'ida mai suna allemansrätten, 'yancin kowa ya shiga daji, an ma sa ta cikin kundin tsarin mulkinsu a 1994. Ko dajin na wani ne, kana iya shiga ka yi yawo, ka tsinki 'ya'yan itace, ka kafa tanti ka kwana ɗaya, muddin ba ka matso kusa da gidan mutum ba, ba ka taka shukarsa ba, ba ka ɓata komai ba. Babu mai gadi, babu mai tambayarka ɗan wane ne kai. A wannan lokaci ƙasan daji cike yake da blåbär, wasu 'ya'yan itace ƙanana shuɗaye masu rina baki da yatsu, da lingon jajaye masu tsami da ake dafawa da sukari a ajiye don hunturu. Akwai kuma naman kaza, irin mai tsirowa a ƙasa kamar laima, ruwan ɗorawa da suke kira kantarell, wanda suke wa kirari da zinariyar daji. Mutum zai gaya maka abubuwa da yawa game da kansa, amma inda yake samun kantarell ɗinsa, wannan sirri ne, sai dai ɗa ya gada wajen uwa. Ana fita da bokiti da dogon takalmin roba, a dawo a duba jiki da kyau saboda kaska, don tasu tana ɗauke da cuta. Na fita sau da yawa da 'yata, kuma wallahi akwai daɗi. Shirun dajin nan, da taushin gansakuka a ƙarƙashin ƙafa, da ƙarar 'ya'yan itacen farko suna faɗawa gindin bokiti, duk ina son su.

Bikin cin kräftor ma a watan nan ake yi, wani ɗan halittar ruwa mai kama da jatan lande, a dafa shi da gishiri da ganye mai ƙamshi, a sa hulunan takarda, a rataya fitilu, a yi ta waƙa da shan giya. An gayyace ni sau ɗaya, na zauna da ruwan lemo na, na tashi da wuri.

To amma ga abin da na lura da shi bayan shekara shida, kuma shi ne amsar da na so in ba abokiyar aikina. Duk wannan jin daɗi da ƙidaya ake yin sa. A watan Yuni rana kan yi sama da awa 18 a sararin sama a nan. A Disamba kuwa da ƙyar take kai awa 6, ta fito wajen ƙarfe tara, kafin uku na yamma ta faɗi. Yanzu da nake wannan rubutu, kowace rana ana rage mana kusan minti biyar na haske. Kowa ya san wannan lissafi, har yara. Shi ya sa za ka ga mutum ya tsaya a tsakiyar hanya, ya rufe ido, ya ɗaga fuska ga rana kamar mai neman tubarraki. Shi ya sa kowace hira ke ƙarewa da "wataƙila wannan ne wankan ƙarshe na bana". Da tsoro a cikin murnarsu. Suna cin Agusta ne kamar wanda aka ce masa za a ɗauke kwanon yanzu. Ni ban ga laifinsu ba, na sha duhun Nuwamba sau shida, na san abin da suke gudu. Sai dai kada wanda ke irin wannan gaggawa ya ce mini mu ne ba mu san daɗin sauyin lokaci ba.

Mu da muke da bazara da damina da kaka da hunturu, kowanne da iskarsa da ƙamshinsa? Ba sai na tsaya ina bayyana muku yadda Agusta yake a gida ba, kuna cikinsa. Kun san yadda gari ke yin duhu daga gabas, da sanyin da ke riga ruwa isowa, da yadda barci ke daɗi idan ana zuba a kan kwano. Babu wanda ke duba agogo yana lissafa sauran kwana nawa. Ana cikin ni'ima, ana cewa alhamdulillahi, shi ke nan.

Kuma akwai maganar tuffa, wadda ita ce ta fi damuna. A unguwarmu kusan kowane gida mai lambu yana da bishiyar tuffa, a ƙarshen Agusta sai su yi ta zuba har su fi ƙarfin masu su. Sai a cika kwando a ajiye a bakin ƙofar shinge, a rubuta a takarda: Varsågod, wato bismillah, ɗebi. Ranar da na fara gani na yi mamaki, na ce ashe akwai kyauta haka a ƙasar nan. Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta haura saba'in, kullum kwandonta a cike. Shekara uku ina ɗiba, 'yata na ci, ban taɓa ganin hannun da ya zuba su ba. Wata rana na yi ƙarfin hali na ƙwanƙwasa ƙofarta don in yi godiya. Ta buɗe kaɗan, ta yi murmushi, ta ce ba komai, ai da ruɓewa za su yi. Na ce, "Mama, Allah ya saka da alheri." Ta ce in kira ta da sunanta kawai, haka ake yi a nan, yaro da babba duk suna ne. Bakina bai iya ba. Muka tsaya jim, ta ce sai anjima, ta rufe.

Na san za a ce wannan ma mutunci ne irin nasu, ba ta son ta ɗora mini nauyin godiya, ba ta son in ji ana bina bashi. Na yarda akwai hikima a ciki, kuma na san a gida wani lokaci kyauta kan zo da gori. Amma ni dai an raine ni a kan shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Da a ce ta miƙo mini tuffa ɗaya da hannunta ta tambaye ni ya iyali, da ya fi mini kwando goma. Abin da na fi so a kowane lokaci na shekara mutane ne, kuma su ne abin da dajin nan da tafkunan nan ba su iya ba ni ba. Har 'ya'yan itacen da ake sayarwa a kanti, yawancinsu dubban mutane ne daga Tailan suka yi shekaru suna zuwa su tsinka a dazukan arewa, su yi wata biyu a duƙe su koma. Ina tuna su duk lokacin da na ga kwalbar a kan kanta, ina tunanin su ma wa suke kira da dare.

Ni dai Inna nake kira. Ranar Juma'a da na kira ta ruwa ake yi, muryarta na yankewa. Ta ce, "Kana ji ko? Tun azahar ake abu ɗaya." Na ce, "Inna, ɗan miƙa wayar waje." Ta yi dariya ta miƙa. Na zauna a ɗakin girkina a Uppsala, rana na faɗuwa ƙarfe takwas, ina sauraron ruwan gidanmu ta waya har kusan minti biyu. Damina shida ke nan ban gani da idona ba. Kullum in na samu hutu sai a Disamba, don lokacin ne duhu ke korata, sai in tarar da gida cikin hazo. Ban taɓa lura da cewa na yi wa kaina asarar damina ba sai da matar nan ta yi maganarta.

Makon da ya wuce aka koma makaranta. Malamarsu ta ce kowane yaro ya zana abin da ya fi so a sensommar. 'Yata ta dawo da takardarta tana tsalle, ta zana ni da ita a daji, ga jan bokiti, bakinta ta shafe shi da shuɗi. Ta yi kyau ƙwarai, na manna ta a jikin firji. Sai na ce mata, "Kin san yanzu a gidan Inna damina ake yi?" Ta dube ni ta ce, "Abba, mece ce damina?" Shekararta bakwai. Na fara yi mata bayani da Hausa, ta saurara kaɗan, sai ta amsa mini da yaren Suwidin cewa ai nan ma ana ruwa.

Na duba kuɗin jirgi na Agustan baɗi a daren, na rubuta wa shugabar sashenmu cewa hutuna na shekara mai zuwa a watan takwas nake so, mako huɗu a jere.