Wa Kake Son Ka Burge?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Kwanakin baya na zauna a wani ɗakin jira, mu da yawa, kowa da abin da ya kawo shi. Sai ga wani bawan Allah ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya samu kujera ya zauna, ya ciro makullin mota ya ɗora a cinya, tambarin yana kallon sama. Ya fito da waya biyu ya haɗa su a hannu ɗaya. Can ya ɗan ja hannun rigarsa baya, agogo ya bayyana, ya duba, bayan ɗan lokaci kaɗan ya sake dubawa. Allah ne masanin zukata, amma duk sanda ya ɗaga hannun, idonsa fuskokinmu yake bi ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗago. Dattijon da ke gefensa yana ta jan carbi, wata baiwar Allah tana rarrashin jaririnta, saurayin da ke gabanmu ya sunkuya kan tasa wayar. Da aka kira mai agogon ya miƙe, na ga fuskarsa kamar ta wanda ya yi sallama ba a amsa masa ba.

Tausayi ya ba ni, tsoro kuma ya kama ni, don na san ba shi kaɗai ke ɗauke da wannan ciwon ba. Kowannenmu yana da nasa rabon a zuciya, sai dai wanda Allah ya kare.

Abin da wannan mutumin yake nema ba a ce agogonsa ya yi kyau ba ne. Girma yake nema. Yana so a gan shi a ji nauyinsa a rai, a gyara zama, a sassauta murya. Wannan kuwa abu ne da yake zaune a zukatan mutane, kuma zukata ba a hannunsu suke ba balle su sayar maka. Shi ya sa mutum zai kashe abin da ya tara shekara da shekaru, ya shigo taro a cike, ya fita da yunwar da ya shigo da ita.

Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 76. Allah ya ba mu labarin Ƙaruna, mutumin da makullan taskokinsa kaɗai suke yi wa tarin ƙarfafan maza nauyin ɗauka. A aya ta 79 Allah ya ce ya fito wa mutanensa cikin adonsa. Fitowa ce ta musamman, an shirya ta, an tsara ta don ido. To me ya samu? Masu son rayuwar duniya suka ce: ina ma a ce muna da irin abin da aka bai wa Ƙaruna, lallai shi mai babban rabo ne. Ku tsaya a kan wannan maganar, ku sake karanta ta. Babu wanda ya ce yana ƙaunar Ƙaruna a cikinsu. Babu wanda ya ce Allah ya ƙara masa, babu wanda ya ce mutumin kirki ne. Kayan suke so, kuma so suke kayan su zama nasu. Da za a cire Ƙaruna daga cikin kayan a saka su, da sun fi murna. Waɗannan fa su ne waɗanda fitowar ta yi wa tasiri. Waɗanda aka ba ilimi kuwa ko gezau ba su yi ba, juyawa ma suka yi suna yi wa na farkon faɗa: kaitonku, ladan Allah ya fi alheri ga wanda ya yi imani ya aikata aiki na gari.

Da Allah ya sa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, aya ta 82 ta ce waɗanda suka yi burin matsayinsa jiya sun wayi gari suna cewa: ba don Allah ya yi mana falala ba, da mu ma ƙasa ta haɗiye mu. Jiya da yau kawai, kuma bakunan nan dai su ne. Ƙaruna ya yi ado dominsu, su kuwa ko hawaye ɗaya Alƙur'ani bai ambata sun zubar masa ba.

Ɗan uwa, idan ka ɗora hoton sabuwar motarka a Facebook ko Instagram, waɗannan mutanen dai su ne suke kallo, tufafi kawai suka sauya. Wani zai danna maka alamar so alhali zuciyarsa tana cewa ina ma tawa ce. Wani zai rubuta masha Allah ya juya ya tambayi abokinsa, wai wane ina ya samo kuɗi? Wanda ya fi ka zai wuce bai ko tsaya ba, don abin da kake taƙama da shi ya daɗe da gajiya da irinsa. Gaba da gabanta, in ji masu magana. Mai bin ka bashi zai gani ya tuna. Ɗan uwanka da ya roƙe ka taimako ka ce babu zai gani ya riƙe a rai. Maraya zai gani, wanda ya rasa aiki zai gani, ka ƙara masa ƙunci a kan ƙuncinsa ba tare da ka sani ba. A cikin duk waɗannan, nuna mini wanda ya ba ka girman da ka fita nema.

Kuma abin ba ya tsayawa. Wayar da ta ɗaga ka bana, baɗi an fitar da wadda ta fi ta, taka ta zama tsohon yayi tun ba ka gama biyan kuɗinta ba. Allah ya kira wannan da sunansa a Suratul Hadid aya ta 20: wasa, shagala, ado, alfahari a tsakaninku, da gasar yawan dukiya da 'ya'ya. Ya kwatanta shi da shukar da ruwan sama ya fitar ta burge manoma, sannan ta bushe ka gan ta fatsi-fatsi, sannan ta zama karmami.

Akwai mutanen da dukiya ba ta girgiza su ko kaɗan, kuma su ne waɗanda girmamawarsu take da daraja. Sarauniyar Saba ta aika wa Annabi Sulaiman, alaihis salam, kyauta don ta ga me zai yi. Ya ce wa ɗan aiken: da dukiya za ku ƙarfafe ni? Abin da Allah ya ba ni ya fi abin da ya ba ku, ku ne dai kuke farin ciki da kyautarku. Ya mayar musu da kayansu. Malaman tarihi sun kawo cewa gabanin yaƙin Ƙadisiyya, a halifancin Sayyidina Umar, Rustum kwamandan Farisa ya ƙawata zaurensa da shimfiɗu na alharini da matasai masu zaren zinariya, ya hau gadon zinariya, don manzon musulmi ya shigo ya raina kansa. Rib'iyyu ɗan Amir ya iso da tsofaffin tufafi da gajeren doki, ya shigo yana dogara mashinsa a kan shimfiɗun nan yana huda su, ya je ya zauna a ƙasa. Ya ce musu Allah ne ya aiko mu mu fitar da wanda ya so daga bautar bayi zuwa bautar Allah, daga ƙuncin duniya zuwa yalwarta. Mutumin da ke zaune cikin zinariya ake gaya wa yana cikin ƙunci. Duk wahalar da aka sha wajen shimfiɗa zauren ta tashi a banza, domin wanda aka shimfiɗa dominsa ba da wannan ma'aunin yake awo ba.

Ma'aunin da Rib'iyyu yake awo da shi, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ne ya koya musu. Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa wani mutum ya wuce, Annabi ya tambaya: me za ku ce game da wannan? Aka ce wannan yana cikin manyan mutane, in ya nemi aure a ba shi, in ya yi ceto a karɓa. Annabi ya yi shiru. Wani daga talakawan musulmi ya wuce, ya sake tambaya. Aka ce wannan in ya nemi aure ba za a ba shi ba, in ya yi ceto ba za a karɓa ba, in ya yi magana ba za a saurara ba. Sai Annabi ya ce wannan ya fi alheri a kan cike ƙasa da irin wancan. Muslim kuma ya ruwaito cewa Allah ba ya duban surorinku da dukiyoyinku, zukatanku da ayyukanku yake duba.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai nuna abin da ba shi da shi. Ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto. Ya ci bashi ya sayi takalmi mai suna, a gida kuɗin makarantar yara ya gagara, maganin mahaifiya ya ƙare. 'Yar uwa ta aro sarƙa ta ɗora hoto don wata ta gani ta ji haushi. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito cewa wata mata ta tambayi Annabi ko akwai laifi ta nuna wa kishiyarta cewa miji ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu ne na ƙarya. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma mutane sun fi ka sanin aljihunka fiye da yadda kake zato. Su yi maka murmushi a gaba, su yi lissafinka a baya. Ga bashin kuma yana nan a wuyanka, bashin da ya tabbata a hadisi cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da shi. Don Allah, wane kallo ne ya kai a ɗauki wannan nauyin dominsa?

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ban ce arziki laifi ne ba, ban ce a sa tsumma ba. An tambayi Annabi game da mutumin da yake son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ka hau mota mai kyau in Allah ya hore maka ta halal, ka sa riga mai tsabta, ka gode masa. Wanda ya sa tsumma don a ce masa mai gudun duniya shi ma kasuwar ido yake ci, talaka mai raina masu hali shi ma yana da nasa girman kan. Maganata a kan zuciya ce: shin ka saya don ka amfana ne, ko don wani ya ji ya ƙasƙanta a gabanka? Ka tambayi kanka kafin ka miƙa kuɗi, da a ce babu mai gani har abada, zan sayi wannan? Amsar da ta fara zuwa ranka, kafin ka fara kawo uzuri, ita ce gaskiyar.

Sayyidina Usman attajiri ne, amma ba mu san launin rigunansa ba. Abin da muka sani ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa musulmi, ya shirya rundunar Tabuka a shekara ta 9 bayan hijira lokacin da ake cikin tsanani. Yau sama da shekara 1400 ana ambatonsa ana cewa Allah ya yarda da shi. Wannan shi ne girman da mai agogon can yake nema, kuma hanyarsa a bayyane take a hadisin Bukhari da Muslim: idan Allah ya so bawa sai ya kira Jibrilu ya ce ina son wane, ka so shi. Jibrilu ya so shi, ya yi shela a cikin mazauna sama su so shi, sannan a sanya masa karɓuwa a bayan ƙasa. Daga sama karɓuwa take saukowa. Duk kun san irin mutumin nan da ba shi da abin nunawa, amma in ya shigo wuri sai ka ji zuciyarka ta miƙe masa kafin ƙafarka, in ya yi rashin lafiya mutane su kasa zaune, in ya rasu a yi ta kuka ana tuna alherin da ya yi a ɓoye wanda sai ranar aka sani.

Mus'abu ɗan Umair ya tashi a Makka cikin gata, ana kwatance da tufafinsa da turarensa. Da ya musulunta duk wannan ya tafi. Ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ba a samu abin da za a yi masa likkafani ba sai mayafi ɗaya, in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Annabi ya ce a rufe kansa, a sa ciyawar izhir a ƙafafunsa. Bayan shekaru, duniya ta buɗe wa sahabbai. Aka kawo wa Abdurrahman ɗan Auf abinci yana azumi, shi da yake cikin manyan attajiran Madina, kuma cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ya kalli abincin ya ce an kashe Mus'abu ɗan Umair, kuma ya fi ni alheri, aka yi masa likkafani da mayafin da bai rufe shi ba. Ya ambaci Hamza, ya ce shi ma ya fi ni. Ya ce sannan aka shimfiɗa mana duniya yadda aka shimfiɗa, har muna tsoron kada ya zama ladan kyawawan ayyukanmu ne aka gaggauto mana da shi tun a nan. Sai ya fashe da kuka, har ya bar abincin bai ci ba.