Masu son shafe tarihin bauta a Amurka, ina za ku kai jinin Lovejoy?

Tun da Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin nan na watan Maris 2025, wanda ya ce a share abin da ke raba kan jama'a daga gidajen tarihi na Smithsonian, raina bai kwanta ba. Da Agusta ta zo kuma ya fito fili yana ƙorafin cewa gidajen sun cika nanata munin bauta.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne an taɓa yin wannan. A 1836 majalisar wakilan Amurka ta kafa ƙa'ida cewa duk takardar koken da ta shafi bauta a ajiye ta gefe, kada a tattauna. Hujjarsu ita ce kada ƙasa ta rabu, alhali bayi a lokacin sun haura miliyan biyu. Shekara takwas tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams ya yi yana ja da su kafin a soke ta a 1844.

Ku dubi waɗanda ake kira masu tada zaune tsaye a wancan zamani. William Lloyd Garrison ya fara buga jaridarsa ta yaƙi da bauta a Boston a 1831. Bayan shekara huɗu wasu gungun mutane, cikinsu har da masu hannu da shuni, suka ɗaure shi da igiya suka ja shi a titi, sai da magajin gari ya kulle shi a kurkuku kafin ya tsira da ransa. Elijah Lovejoy, malamin coci kuma ɗan jarida a Alton ta jihar Illinois, sau uku ana farfasa masa injin buga jarida. Yana gadin na huɗu, a Nuwamba 1837, aka bindige shi. Da yawa daga cikin masu yaƙi da bautar, wa'azin farfaɗo da addini irin na malamin Kirista Charles Finney ne ya motsa su, wa'azin da ya ƙarfafa yaƙi da shan giya kuma ya fito da mata fagen magana.

Masu cewa kishin ƙasa ake son koya wa yara ba su da abin faɗa. Idan aka ɓoye bulala da sarƙa da kasuwar da ake raba uwa da ɗanta, yaro ba zai gane dalilin da ya sa Lovejoy ya kwana gadin inji ba.

Ma'aikatan gidajen tarihin su ƙi sauke ko allo ɗaya, malaman makaranta kuma su karanta wa ɗalibai waɗancan takardun koke da majalisa ta ƙi saurara.