Sherif ya yi ɓarna, mu talakawa ne ke biyan tara

Wallahi duk sanda aka sake maganar kuɗin da gundumar Maricopa ta jihar Arizona a Amurka ke zubarwa saboda ofishin sherif sai raina ya ɓaci, don kuɗin nan ba daga sama suke faɗowa ba, daga aljihun masu biyan haraji ne, har da mu baƙi da ke fita aiki tun asuba a cikin zafin Phoenix. Shari'a guda ɗaya tak, wadda aka fara tun 2007, ta ci sama da dala miliyan 200 kuma har yau ba'a gama biya ba. Haba jama'a! Mutum ɗaya, tsohon sherif Joe Arpaio, ya yi ta taka doka yana ɗaga hanci a talabijin, mu kuma aka bar mu da biya, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Ga wanda bai san yadda abin yake a Amurka ba, sherif daban yake da shugaban 'yan sandan birni. Shi shugaban 'yan sanda naɗa shi ake yi, in ya yi ba daidai ba hukumar birni ta sallame shi gobe da safe. Sherif kuwa ƙuri'a ce ke kawo shi, a nan Arizona duk shekara 4, kuma tsakanin zaɓe da zaɓe kusan babu mai iya ce masa tashi. Tsarin daga Ingila aka gado shi, can da daɗewa wakilin sarki ne mai tara haraji da kama masu laifi a yanki, Turawa suka taho da shi, yanzu akwai irinsu wajen 3,000 a ƙasar. Shi ke riƙe da gidajen yarin gunduma, shi ke tsaron kotuna, yaransa ke sintiri a ƙauyuka da garuruwan da basu da 'yan sandan kansu. Toh ku duba fa, Maricopa mutum sama da miliyan 4 ne a cikinta, ace wannan iko duk a hannun mutum ɗaya wanda abinda ya fi damunsa shine kamfen.

Joe Arpaio shekara 24 ya yi a kujerar, daga 1993 har ya faɗi zaɓe a 2016. Yana hawa ya kafa tantuna na tsoffin kayan soja tun na yaƙin Koriya, a fili cikin hamada, ya zuba fursunoni a ciki, a garin da zafi ke haura digiri 45 in bazara ta yi. Ya sa musu gajeren wando ruwan hoda don kawai a wulaƙanta su, ya dawo da ɗaure mutane da sarƙa a jere ana fita da su aiki a titi, har da mata, abinci kuma sau biyu a rana. Yana kiran 'yan jarida su zo su ɗauki hoto, shi a dole ga gwarzo mai maganin ɓarayi. To ko mutum ya yi laifi ai ɗan Adam ne, yana da uwa yana da 'ya'ya. Kuma a sauran gidajen yarinsa akwai ɗimbin waɗanda ko hukunci ba'a yanke musu ba, jiran shari'a kawai suke, wasu don sun rasa kuɗin beli, sai da alƙali ya yanke a 2008 cewa yadda ake tsare da su ya saɓa wa tsarin mulki, ga rashin magani ga abinci marar kyau. Tun 1996 ma wani bawan Allah Scott Norberg ya mutu bayan masu gadi sun ɗaure shi a kujerar ɗaure fursuna, aka biya iyalinsa sama da dala miliyan 8.

Amma abinda ya fi ƙona min rai, wanda in na tuna har bacci baya zuwa da wuri, shine maganar fyaɗe. Sama da ƙorafi 400 na cin zarafin mata da yara aka shigar ofishin nan a tsakanin 2005 da 2007 aka barsu a fayil ba bincike na kirki, da yawansu daga ƙaramin garin El Mirage, kuma cikin yaran akwai 'ya'yan baƙi marasa takardu waɗanda dama tsoron zuwa wajen hukuma suke. Ka yi tunanin uwa ta danne kunya da tsoro ta kai 'yarta ta faɗi abinda aka yi mata, ta koma gida tana jiran waya, shiru, wanda ya yi abin yana yawonsa a unguwa. Innalillahi. Wannan fa shine ainihin aikin da aka zaɓe ka ka yi! Ina ma'aikatan suke? Suna can ana tura su unguwannin Latino, wato 'yan asalin Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, suna tare motoci, wai fitila ta fashe, wai gilashi ya tsage, alhali fuska suke dubawa. Daga baya ma har lokacin binciken takardar haihuwar Obama ofishin ya samu, amma ba lokacin yaran El Mirage.

Shari'ar da ta cinye mana kuɗi daga nan ta samo asali. Wani ɗan Meziko mai suna Melendres, da bizarsa lafiya lau, aka tare motar da yake ciki a Cave Creek a 2007 aka tsare shi awoyi. A 2011 alƙali Murray Snow ya bada oda a daina kama mutane don kawai ana zargin basu da takardu, a 2013 ya yanke hukunci ƙarara cewa ofishin na wariyar launin fata. Shi kuwa gogan ya yi kunnen uwar shegu da odar, aka ci gaba da kame sama da shekara. Ni abin ya shafe ni ko da ban jin Sifaniyanci, don duk wanda fatarsa ba fara ba ce kuma harshensa na nuna baƙo ne ya san yadda gabansa ke faɗuwa in ya hango fitilar nan a madubi, ko da lasin ɗinka da inshora da komai a cike. Waɗanda suka yi magana kuma an bi su, shugabannin jaridar Phoenix New Times biyu da daddare aka je gidajensu aka kama su a 2007, ƙarshe gunduma ta biya su dala miliyan 3.75, daga kuɗin wa? Namu dai.

A Yulin 2017 kotu ta sami Arpaio da laifin raina umarninta, muka ce alhamdulillahi yau dai an nuna masa iyakarsa. Ko wata guda ba'a cika ba Trump ya yi masa afuwa, tun kafin ma a yanke masa hukunci. Ko kwana ɗaya bai yi a gidan yari kan wannan laifin ba.

Kuma kar wani ya ce min ai ya wuce. Wanda ya gaje shi, Paul Penzone, ya rufe tantunan a 2017, na yarda, amma shi ma kotu ta kama shi da raina umarni a 2022 saboda ƙorafe-ƙorafen da ake kaiwa kan ma'aikatan ofishin sun taru wajen 2,000 ba'a bincika ba. Wato ka kai ƙara an zalunce ka, takardarka ta shekara tana kwance. Sannan a zaɓen 2024 aka ɗauko Jerry Sheridan, babban mataimakin Arpaio, wanda shi ma alƙali Snow ya same shi da raina kotu a 2016, aka ɗora shi a kujerar. Yanzu kuma wasu 'yan siyasar gundumar sai kuka suke wai sa idon da kotu ke yi wa ofishin ya yi tsada a janye shi. Ina kuke lokacin da ake tare mutane a titi? Ku fara share ƙorafin da ke jibge a ofishin nan tukuna, ku gaya mana nawa aka bincika kuma wa aka kora.